BILL RUSSELL: GWANIN DA AKA ƊORA BISA ABOKAN WASANSA

Hausawa na cewa iya ruwa fidda kai. To amma akwai wani aiki da fidda kai ba ya isa a cikinsa, sai mutum ya fidda jama'a tare da shi. Ma'aikacin da aka wayi gari an naɗa shi shugaban biro bisa waɗanda suke cin tuwo kwano guda jiya ya san nauyin wannan aiki, haka nan yaron kanti da maigida ya miƙa wa makulli alhali tsaransa na kallo. Irin wannan nauyi ne aka aza wa Bill Russell, ɗan wasan ƙwallon kwando na ƙasar Amurka, cikin watan Afrilu na shekara ta 1966.

A lokacin ƙungiyar Celtics ta birnin Boston na tsakiyar karawar ƙarshe ta neman kofin NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tsakaninta da Lakers ta Los Angeles. An doke Celtics a wasan farko cikin gidanta. Washegari sai mai horonta, Red Auerbach, wanda ya riga ya faɗi cewa zai aje aiki a ƙarshen kakar, ya tara ƴan jarida ya sanar da magajinsa. Magajin kuwa shi ne Russell, ɗan shekara 32, wanda zai ci gaba da buga wasa yana kuma horar da ƙungiyar. Tun da aka kafa NBA ba a taɓa ba baƙar fata wannan kujera ba.

Wani ɗan jarida ya tambaye shi ko zai iya jagorancin Turawa ba tare da ya nuna musu bambanci ba. Tambaya ce da ba a taɓa yi wa Bature mai horar da baƙaƙe ba. Russell ya amsa da cewa zai iya, domin a ƙwallon kwando gwanintar mutum yake girmamawa, daga nan magana ta ƙare. Celtics ta ci kofin wannan shekara a wasa na bakwai, Auerbach ya sauka da kofi 9 a hannu, sauran labari ya rage ga magaji.

YARON DA BA A SA WA RAI BA

An haifi William Felton Russell ran 12 ga watan Fabrairu na 1934 a garin Monroe na jihar Luwiziyana, a kudancin Amurka, inda doka da al'ada suka raba baƙi da fari a makaranta da mota da wurin cin abinci. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa Oakland ta Kaliforniya neman aiki, kamar dubban baƙaƙen kudu a zamanin yaƙin duniya na biyu. Yana da shekara 12 mahaifiyarsa ta rasu, uban ya ci gaba da riƙon ƴaƴansa da aikin ƙarfi.

A makarantar sakandare ta McClymonds ba wanda ya ga alamar gwani a jikinsa. Dogo ne siriri, hannu da ƙafa ba su gama jin maganar juna ba, kuma jifansa ba ya faɗawa kwando. Jami'a guda ce tak ta ba shi gurbi, ta San Francisco, ƙaramar makaranta wadda ko zauren wasa nata na kanta ba ta da shi. A can ya haɗu da K.C. Jones, suka zauna ɗaki guda, suna kwana suna lissafin yadda ake toshe wa abokin karawa hanya. A ƙarƙashin mai horo Phil Woolpert suka ci kofin jami'o'in Amurka a 1955 da 1956, suka yi wasa 55 a jere ba a doke su ba. A ƙarshen 1956 Russell ya jagoranci ƴan wasan Amurka zuwa ga lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Melbourne a Ostareliya.

Auerbach ya daɗe yana neman irinsa. Ƙungiyarsa tana da masu zuba maki kamar Bob Cousy da Bill Sharman, amma ba ta da mai ƙwato mata ƙwallo. Ƙungiyar Hawks ta St. Louis ce ta zaɓi Russell, sai Auerbach ya ba ta ƴan wasa biyu, Ed Macauley da Cliff Hagan, ya karɓe shi. Mutane da yawa sun ga ciniki ne na faɗuwa, a ba da gwanaye biyu a karɓo yaron da bai iya jifa ba.

AIKIN DA BA A RUBUTAWA

Don a gane abin da Russell ya kawo, sai a tuna yadda wasan yake. Mutum biyar ne kowane gefe, kwando na rataye bisa tsawon mita 3 da santimita 5, wasan NBA kuma minti 48 ne da aka raba kashi huɗu. Tun 1954 doka ta ce ƙungiya ta yi jifa cikin daƙiƙa 24 ko ta rasa ƙwallo. A wancan zamani fiye da rabin jifan da ake yi ba ya shiga, sabili da haka wanda ya cafe ƙwallon da ya kuskure kwando shi ke riƙe da akalar wasa.

Russell, mai tsawon kusan mita 2 da santimita 8, ya maida wannan cafiya sana'a. Cikin shekara 13 ya cafe ƙwallo 21,620, wato 22 da rabi a kowane wasa, har ya taɓa cafe 51 a dare guda a 1960. Makin da yake ci kimanin 15 ne kawai a wasa. Abin da ya fi shahara da shi shi ne tare jifa a sama. Kamin shi ana koya wa masu tsaron baya kada su ɗaga ƙafa daga ƙasa. Shi kuwa sai ya yi tsalle ya kaɓe ƙwallon, ba waje ba, wajen abokin wasansa, nan take su kwasa da gudu zuwa ɗaya kwandon. Ya kan bar wasu jifa su wuce da gangan, domin abin da yake so shi ne mai jifa ya zauna cikin zullumi, bai san wanne za a tare ba. Hukumar NBA ba ta fara ƙidayar irin wannan tariya ba sai a kakar 1973, shekara huɗu bayan ya bar wasa. Mafi girman aikinsa ke nan babu shi cikin kundin lissafi.

Auerbach ya gane haka tun farko. Ya ce masa kada ya damu da maki, ya dai kawo ƙwallo. Sakamako bai jima ba. Celtics ta ci kofinta na farko a 1957, ta rasa na 1958 lokacin da Russell ya ji ciwo a idon sawu, sannan ta ci takwas a jere daga 1959 zuwa 1966, abin da babu ƙungiyar da ta sake yi a NBA. Sau biyar aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara. Duk da haka sanannen abu ne a ɗakin sauya tufafi cewa kamin babban wasa sai ya yi amai don fargaba, abokansa kuma in sun ji shi hankalinsu ya kwanta.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Wilt Chamberlain, mai mita 2 da santimita 16, wanda ya taɓa zuba maki 100 shi kaɗai a wasa guda a 1962. Da Chamberlain ya samu albashin dala 100,000 a 1965, Russell ya nemi dala 100,001, aka kuma ba shi.

ZAKARA A FILI, BARE A GARI

Kofunan ba su sayo masa zaman lafiya ba. A 1961, a garin Lexington na jihar Kentucky, an ƙi sayar wa abokansa baƙaƙe abinci a otal ɗin da suka sauka, sai shi da su suka ƙi buga wasan suka koma gida. A garin Reading, kusa da Boston, inda ya sayi gida, wasu sun fasa gidan ba ya nan, suka farfasa kofunansa, suka rubuta zagi a bango, suka ƙazantar masa da gado. A 1963 ya halarci babban gangamin Washinton wanda Martin Luther King ya yi jawabi a cikinsa. A shekarar dai, bayan an harbe ɗan gwagwarmaya Medgar Evers, ya tafi garin Jackson na Misisipi ya buɗe sansanin koyar da ƙwallo ga yara baƙi da fari tare, abin da kan iya jawo wa mutum harsashi a lokacin. A 1967 yana cikin manyan ƴan wasan da suka taru a Cleveland suka tsaya wa Muhammad Ali da ya ƙi shiga soja.

Nahiyar Afirka ma ba baƙuwarsa ba ce. A 1959 ya zagaya Libiya da Habasha da Laberiya yana koya wa yara wasan, daga baya ya zuba jari a gonar roba a Laberiya.

Wannan shi ne mutumin da aka miƙa wa ƙungiyar a 1966, shekara biyu kacal bayan dokar da ta haramta wariyar launi a wuraren jama'a. Ba shi aka fara nema ba. Auerbach ya tuntuɓi tsofaffin ƴan wasansa, Frank Ramsey da Bob Cousy da Tom Heinsohn, duk suka ƙi. Heinsohn ne ya nuna cewa ba mai iya juya Russell sai Russell. Shi kansa ya faɗa wa ƴan jarida cewa ba don launinsa aka ba shi aikin ba, an ba shi ne don Auerbach ya ga zai iya. Amma kowa ya san in ya faɗi ba shi kaɗai za a ce ya faɗi ba.

SHEKARAR FARKO: FAƊUWA

Aiki biyu ne a wuyan mutum guda, kuma ba shi da mataimaki ko ɗaya. Mai horo na zaune ne a gefe yana duban mutum goma, yana lura da wanda ya gaji, da wanda laifuffukansa suka yi yawa, da lokacin da ya kamata a nemi alƙalin wasa ya dakatar don a sake shiri. Russell kuwa yana cikin fili fiye da minti 40 cikin 48, yana kokawa da ƙarti a ƙarƙashin kwando. A watannin farko ya kan manta da ɗan wasa a benci, ko ya bar wani a fili har ƙafafunsa su mutu. Sai ya koyi tambayar manyan ƙungiyar, irin su John Havlicek da Sam Jones, ya bar ƙofar shawara a buɗe, yanke hukunci kuma ya riƙe shi a hannunsa.

Celtics ta ci wasa 60 ta faɗi 21 a kakar, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ƙungiyar 76ers ta Filadelfiya, da Chamberlain a tsakiyarta, ta ci 68 ta faɗi 13. Da suka haɗu a wasannin fidda gwani na 1967, inda wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai ke wucewa, Filadelfiya ta gama da su 4 da 1. Ƴan kallo suka cika zauren da ihun cewa Boston ta mutu. Sarautar shekara takwas ta ƙare a shekarar farko ta baƙin mai horo, masu jiran wannan rana kuwa suka samu abin faɗi. Russell ya taka har ɗakin abokan karawa ya yi wa Chamberlain barka. Bai nemi a sauke masa ko ɗaya daga cikin ayyukan biyu ba.

1968 DA 1969

A shekara ta biyu ƙungiyoyin biyu suka sake gamuwa. An tsara wasan farko ran 5 ga watan Afrilu na 1968, kwana guda bayan an harbe Martin Luther King a Memphis. Garuruwan Amurka na ci da wuta, ƴan wasa da dama ba su so a buga ba, amma aka buga. Celtics ta ci na farko, ta faɗi uku a jere. Har zuwa ranar babu ƙungiyar NBA da ta taɓa farfaɗowa daga 3 da 1. Celtics ta ci na biyar, ta ci na shida, ta je Filadelfiya ta ci na bakwai da maki 100 da 96. Daga nan ta doke Lakers 4 da 2. Russell ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki kofin NBA a matsayin mai horo.

Kakar da ta biyo ita ce mafi wuya. Russell ya kai shekara 35, gwiwoyinsa sun gaji, Sam Jones ma shekarunsa ke nan. Ƙungiyar ta ci 48 ta faɗi 34, ta zo ta huɗu a gabas, matsayi na ƙarshe da ke ba da izinin shiga fidda gwani. Ta kawar da Filadelfiya da Knicks ta New York, ta iske Lakers, wadda a wannan karo ta haɗa Chamberlain da Jerry West da Elgin Baylor a riga guda.

Lakers ta ci biyun farko a gidanta, Celtics ta ci na uku. A wasa na huɗu, saura daƙiƙa 7, Celtics na baya da maki guda. A nan mai horo ya yi wa ɗan wasa hukunci: Russell ya fidda kansa daga fili, domin ya san ba gwanin jifa ba ne, ya sa waɗanda suka fi shi hannu. Mutum uku suka yi wa Sam Jones shinge, ya yi jifa yana santsi, ƙwallon ya yi rawa a bakin kwando ya faɗa, 89 da 88. Ba kowane gwani ke iya cewa a wannan daƙiƙa wani ya fi shi amfani ba.

Wasa na bakwai ya faɗo ran 5 ga watan Mayu na 1969 a Los Angeles. Mai ƙungiyar Lakers, Jack Kent Cooke, ya riga malam masallaci. Ya sa an rataye dubban balan-balan a rufin zauren don a sako su bayan nasara, aka kuma buga takardar tsarin bikin. Takardar ta faɗa hannun ƴan Celtics kamin a fara. Suka shiga kashi na huɗu suna gaba da maki 15. Chamberlain ya ji ciwo a gwiwa ya fita, Lakers ta matso har saura maki guda, ya nemi komawa mai horonsa ya ƙi. Sai jifan Don Nelson ya bugi bayan ƙarfen kwando, ya tashi sama, ya dawo ya shige. Aka tashi 108 da 106, balan-balan suka kwana a rufi. West ne aka ba kyautar gwarzon karawar ƙarshe, kuma shi kaɗai ya taɓa samunta daga ɓangaren da aka doke.

Kofi 11 ke nan cikin shekara 13, biyu daga ciki yana mai horo. Sau goma ya buga wasa na bakwai, bai faɗi ko ɗaya ba. A daminar wannan shekara ya sanar a mujallar Sports Illustrated cewa ya bar wasa da horo gaba ɗaya. Kakar da ta biyo Celtics ta ci 34 ta faɗi 48.

SEATTLE: HORO DA BAKI KAWAI

Da labarin ya tsaya nan, da an ce gwani gwani ne ko'ina aka aje shi. Amma a 1973 mai ƙungiyar SuperSonics ta Seattle, Sam Schulman, ya kira shi ya ba shi horo da shugabancin sayen ƴan wasa duka. Ƙungiyar ta ci wasa 26 ne kawai a kakar da ta gabata. A hannunsa ta ci 36, sannan 43, ta shiga fidda gwani a 1975, karo na farko a tarihinta. Ta sake cin 43 a shekara ta uku, ta koma 40 a ta huɗu. A 1977 ya tafi, da nasara 162 da faɗuwa 166.

Ba faɗuwa ba ce warwas, amma ba Boston ba ce. Dalilan a bayyane suke. A Boston ya gaji gida ginanne. Ƴan wasan sun shekara goma suna bin tsari guda, tsare-tsaren kai hari ba su kai goma ba kuma kowa ya haddace su, Auerbach na zaune a biro yana nemo masa mutane. Abin da ya fi duka, mai horo Russell yana da ɗan wasa Russell. In tsaron baya ya yi rauni ba sai ya yi bayani ba, shi ne zai toshe ramin da jikinsa. A Seattle kuwa sai ya faɗa da baki, ya maimaita, ya jira yaro ya gane. Abin da idonsa ke gani cikin ƙiftawa, wani sai an shekara ana nuna masa.

Zamani ma ya sauya. Gasar hamayya ta ABA, wadda ta rayu daga 1967 zuwa 1976, ta sa farashin ƴan wasa ya haura, matasa suka riƙa samun yarjejeniyar shekaru wadda ko an zaunar da su kuɗinsu na shiga. Russell ya fito daga gidan da mutum ke ba da ƙwallo don ƙungiya ta ci, ya iske inda ake biyan mutum gwargwadon makinsa. Zamansa da tauraron ƙungiyar, Spencer Haywood, bai yi daɗi ba, aka sayar da Haywood ga Knicks a 1975. Ƴan wasa sun yi kukan kaifin harshensa, ƴan jarida kuma suka zarge shi da barin atisaye a hannun mataimakinsa Bob Hopkins.

Hopkins ne ya gaje shi, ya ci 5 ya faɗi 17, aka sauke shi. Sai aka kawo Lenny Wilkens, shi ma tsohon ɗan wasa baƙar fata, mai sanyin magana da haƙurin koyarwa. Ya kai ƙungiyar karawar ƙarshe a 1978, ya ci kofi a 1979, kuma Dennis Johnson, yaron da Russell ya zaɓo a 1976, shi ne gwarzon karawar. Idon Russell bai yi kuskure ba wajen gane mutum. Renon mutumin ne ya fi dacewa da hannun wani.

Bayan shekaru yana sharhin wasa a talabijin, ya sake gwadawa a 1987 da ƙungiyar Kings ta Sacramento, yana da shekara 53. Ya ci 17 ya faɗi 41, cikin watan Maris na 1988 aka ɗauke shi daga benci aka maida shi biro, a ƙarshen 1989 aka sallame shi. Jimillar aikinsa na horo a NBA ita ce nasara 341 da faɗuwa 290. Cikin nasarorin, 162 a Boston aka same su, inda ya faɗi 83 kawai.

GWANI DA MALAMI

Ba shi kaɗai abin ya sama ba. Cousy ya horar da ƙungiyar Royals sama da shekara huɗu bai kai ta fidda gwani ba. Chamberlain ya yi kaka guda a ABA ya bari. Magic Johnson ya riƙe Lakers wasa 16 a 1994, ya ci 5. Larry Bird ne ya fita daban, ya kai Indiana karawar ƙarshe a 2000, shi ma shekara uku ya yi ya aje. A ɗaya gefen kuma, Auerbach bai taɓa buga wasa a NBA ba. Phil Jackson, wanda yawancin wasansa daga benci yake tasowa, ya ci kofi 11 yana mai horo. K.C. Jones, abokin ɗakin Russell, wanda makinsa bai kai 8 ba a wasa, ya ci wa Celtics kofi a 1984 da 1986. Wanda ya sha wuya kamin ya iya ya san inda mai koyo ke tuntuɓe.

Haɗa wasa da horo ma ya zama tarihi. Dave Cowens na Celtics, a kakar 1978 zuwa 1979, shi ne na ƙarshe da ya yi haka a NBA, yau kuwa kowane mai horo na zaune da tarin mataimaka a bayansa.

Sai dai ƙofar da Russell ya buɗe ba ta rufu ba. A 1975 ƙungiyoyin da suka kai karawar ƙarshe duk baƙaƙe ne ke horar da su, Al Attles na Golden State da K.C. Jones na Washinton. A wannan shekara ce babbar gasar besbol ta Amurka ta samu baƙin jagora na farko, Frank Robinson, shekara tara bayan Russell. Da Celtics ta ruguje a hannunsa a 1968, masu ƙungiyoyi da sun samu hujjar da za su daɗe suna fakewa da ita.

SULHU A MAKARE

Russell bai yi saurin yafe wa Boston ba. A 1972, da aka jingine rigarsa mai lamba 6, ya ce a yi abin kamin a buɗe ƙofa, daga shi sai abokan wasansa. A 1975 aka sa shi cikin zauren girmama gwanayen ƙwallon kwando, ya ƙi halarta, sai a 2019 ya karɓi zoben, bayan an shigar da Chuck Cooper, baƙar fata na farko da wata ƙungiyar NBA ta zaɓa, a 1950. Da Chamberlain ma sun yi sama da shekara ashirin ba sa magana, sabili da Russell ya soki fitarsa daga wasan 1969. Russell ne ya nemi gafara, suka shirya kamin rasuwar Chamberlain a 1999. A shekarar ce kuma ya yarda aka sake bikin rigarsa a gaban jama'ar Boston.

A 2009 NBA ta sa sunansa bisa kyautar gwarzon karawar ƙarshe, kyautar da shi bai taɓa samu ba. A 2011 shugaba Barack Obama ya rataya masa lambar ƴanci, mafi girman lambar farar hula a Amurka. A 2013 aka kafa mutum-mutuminsa a dandalin ma'aikatar magajin garin Boston. A 2021 aka sake shigar da shi zauren gwanaye, wannan karo a matsayin mai horo, ya kuma halarta.

Ya rasu ran 31 ga watan Yuli na 2022 a gidansa da ke kusa da Seattle, yana da shekara 88. Kwanaki kaɗan bayan haka NBA ta yanke cewa ba za a sake ba wani sabon ɗan wasa lamba 6 ba a kowace ƙungiya, girmamawar da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Mai duban kundin lissafi zai tarda mai horo biyu a ƙarƙashin suna guda: wanda ya ci kofi biyu cikin shekara uku yana tsakiyar mutanensa yana zufa tare da su, da wanda ya zauna gefe da kwat da taye yana mamakin abin da ya hana yara ganin abin da yake gani. Duk wanda aka ɗaga bisa tsaransa, a kasuwa ko a biro, wata rana zai bar fili ya koma gefe, kuma a ranar ce za a san ko ya koya wa wani iya ruwan.